Stephen Keshi: mai tsaron baya da ya ci kofin Afirka sau biyu

A yau da wuya a samu garin da yara ba su buga ƙwallo. Daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, da la'asar ta yi sai a ga samari sun taru a fili. Wani wuri duwatsu biyu ne raga, wani wuri itace biyu. Amma a tambayi yaran nan wa zai tsaya baya, sai kowa ya noƙe. Kowa gaba yake so, don mai gaba ne ake yi wa tafi in ƙwallo ta shiga raga.

Ga labarin wani mutum da ya tsaya baya, kuma daga bayan nan ya zama shugaban kowa. Sunansa Stephen Keshi, mutumin Najeriya. Ya rasu cikin shekara ta 2016.

Mene ne aikin mai tsaron baya?

Kowace ƙungiya tana shiga fili da mutum 11. Ɗaya shi ne gola, mai tsaron raga, shi kaɗai ke da izinin kama ƙwallo da hannu. Gabansa yawanci akan tsayar da mutum huɗu. Biyu suna gefe, dama da hagu. Biyu suna tsakiya. Su ne masu tsaron baya. Keshi na tsakiya ne.

Aikin nan kamar na mai gadin rumbu yake. In ya shekara ba a yi sata ba, ba mai tunawa da shi. In aka yi sata dare ɗaya, duk gari sai ya san sunansa. Saboda haka ba kowa ke jure shi ba.

Mai tsaron baya na tsakiya yana bukatar tsawo, don ya riga abokin gaba sa kai in ƙwallo ta zo ta sama. Yana bukatar ƙarfin jiki. Amma abin da ya fi duka shi ne ido da murya. Dukan wasan yana gabansa, yana ganin inda aka bar ƙofa buɗe tun kafin ƙwallo ta iso. Shi ne zai yi tsawa ya ce wa wane ya matso, wane ya koma. Shi ne zai ce a taka gaba tare, a bar ɗan gaban abokan karawa cikin satar gida. In mutum ɗaya ya makara, dabarar ta lalace. Wannan ne ya sa masu tsaron baya da yawa suke zama kyaftin, wato shugaban ƴan wasa cikin fili. Da yawa kuma in sun ajiye takalmi sukan zama masu horo.

Daga Legas zuwa Abijan

An haifi Stephen Okechukwu Keshi ranar 23 ga watan Janairu 1962. Asalin iyayensa garin Illah ne, cikin jihar Delta ta yanzu, kudancin Najeriya. A Legas ya yi lakkol, can kuma aka fara ganin ƙafarsa. Ya soma da ƙungiyar ACB ta Legas cikin 1979. Daga nan ya koma New Nigeria Bank ta birnin Benin. A lura, birni ne cikin Najeriya, ba ƙasar Benin mai maƙwabtaka da Gaya ba. Da wannan ƙungiya ya ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma sau biyu, 1983 da 1984.

Tun yana ɗan shekara 19 aka kira shi cikin ƙungiyar ƙasa, cikin 1981. Ba a daɗe ba aka ba shi kyaftin.

Cikin 1985 sai aka samu saɓani. Hukumar ƙwallo ta Najeriya ta dakatar da shi tare da wasu abokansa, don ba su iso sansanin ƙungiyar ƙasa kan lokaci ba. Wani da sai ya zauna gida yana jira. Shi kuwa sai ya ɗauki jakarsa ya tafi Kodebuwa. Ya buga wa Stade d'Abidjan, sa'an nan Africa Sports. Can ya koyi Faransanci. Mai karatu ya riƙe wannan, don harshen nan ne ya buɗe masa ƙofofi daga baya.

Beljik da Faransa

Daga Abijan Turawan Beljik suka gan shi. Cikin 1986 ya tafi ƙungiyar Lokeren. Shekara ɗaya kurum ya yi, sai Anderlecht ta ɗauke shi. Ita ce ƙungiyar da ta fi kowace cin kofin ƙasar Beljik. Ya yi shekara huɗu can. Sun ci kofin ƙalubale na ƙasar cikin 1988 da 1989, sun zama zakarun ƙasa cikin 1991. Cikin 1990 sun kai wasan ƙarshe na ɗaya daga cikin kofunan Turai, amma Sampdoria ta Italiya ta ci su 2 da 0.

A wancan zamani ƴan ƙwallon Najeriya da ke Turai ba su da yawa. Keshi bai rufe ƙofa bayansa ba. Gidansa na Beljik ya zama masaukin baƙi. Yaro ya zo daga Afirka bai san sanyi ba, bai san harshe ba, bai san kowa ba, sai ya sauka wurin Keshi. Shi zai yi masa magana da masu ƙungiya. Ba ƴan ƙasarsa kaɗai ba, har wani yaro ɗan Gana, Nii Lamptey, ta hannunsa ya shiga Anderlecht. Abokansa suka laƙaba masa suna "Big Boss", wato babban maigida. Sunan ya bi shi har kabari.

Cikin 1991 ya koma Strasbourg ta Faransa. Ya tarar da ita a aji na biyu. Cikin 1992 suka hau aji na ɗaya, kuma a wasan da ya yanke hukunci Keshi ya jefa ƙwallo daga nesa ƙwarai. Mai tsaron baya ne, amma ƙafarsa na da nauyi. Daga baya ya sake komawa Beljik, ya buga a Amurka, ya ƙarasa a Malesiya.

Kofin Afirka ya wahalar da shi

Ya buga wa Najeriya wasa 64, ya ci ƙwallo 9. Amma kofin Afirka ya daɗe yana kuɓuce masa. Cikin 1984 a Abijan sun kai wasan ƙarshe, Kamaru ta ci su 3 da 1. Cikin 1988 a Maroko suka sake kaiwa, Kamaru ta sake cin su 1 da 0. Cikin 1992 a Sanagal suka zo na uku.

Sai 1994 a Tunusiya abin ya yiwu. Mai horon Najeriya lokacin Clemens Westerhof ne, mutumin Holan. Wasan ƙarshe da Zambiya aka yi. Duk Afirka na tausayin Zambiya, don shekara ɗaya kafin nan jirgin sama ya faɗi da ƴan wasanta cikin teku kusa da Gabon, ba wanda ya tsira. Sabbin yara ne suka kai ta wasan ƙarshe. Najeriya ta ci 2 da 1, Emmanuel Amuneke ya jefa duka biyun. Keshi na fama da ciwon ƙafa, bai buga wasan ba. Duk da haka shi ne kyaftin, shi aka miƙa wa kofi.

Cikin wannan shekara Najeriya ta je kofin duniya karo na farko, a Amurka. Ƙarfin Keshi ya riga ya ragu. Wasa ɗaya ya buga, wanda suka ci Girka 2 da 0.

Wanda ya yi noma ba shi ya ci girbi ba

Da ya bar wasa sai ya zauna Amurka, ya yi karatun horas da ƴan ƙwallo. Ya dawo gida ya zama mataimaki. Shi da Shuaibu Amodu suka samar wa Najeriya wuri a kofin duniya na 2002. Amma kafin tafiya aka yi kofin Afirka a Mali, Najeriya ta zo ta uku. Hukuma ta ce bai isa ba, ta sallame su duka. Wani ne ya tafi da ƙungiyar Japan da Koriya. Wannan shi ne karo na farko.

Cikin 2004 ƙasar Togo ta kira shi. Togo ƙaramar ƙasa ce, ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba, ba kuma mai sa mata rai. Cikin rukuninta akwai Sanagal, wadda ta ci Faransa cikin 2002 har ta kai zagayen ƙasashe takwas na duniya. Akwai Zambiya, Mali, Kongo da Laberiya. Ƙasa ɗaya tak ce za ta wuce.

Togo ta sha kashi a wasan farko hannun Zambiya. Daga nan ba a sake cin ta ba. Ta ci Sanagal 3 da 1 a Lome, ta je Dakar aka tashi 2 da 2. Keshi ya gyara baya, ya bar wa Emmanuel Adebayor aikin gaba. Cikin watan Oktoba 2005 a Barazabil, Togo ta ci Kongo 3 da 2, ta samu wurinta. Abin mamaki, ƙasarsa Najeriya ba ta samu wuri ba a wannan karo, Angola ta tare ta.

Murna ba ta daɗe ba. Cikin Janairu 2006 aka je kofin Afirka a Masar. Rigima ta tashi tsakanin Keshi da Adebayor, har ta fito fili gaban ƴan jarida. Togo ta buga wasa uku, aka ci ta duka uku. Sai aka sallami Keshi, saura ƴan watanni a tafi Jamus. Aka ɗauko wani Bajamushe, Otto Pfister. Karo na biyu ke nan da Keshi ya yi noma wani ya yi girbi. Girbin ma bai yi auki ba: a Jamus ƴan wasan Togo suka yi ta jayayya da hukumarsu kan kuɗin lada, aka ci su wasa uku suka dawo.

Ya sake riƙe Togo na ɗan lokaci. Cikin 2008 Mali ta ɗauke shi. Abin da ba a mantawa can shi ne wasan buɗe kofin Afirka na 2010 a Luwanda. Angola mai masauki ta ci Mali 4 da 0, saura minti kamar 15 a tashi. Mutane sun fara barin gaban telebijin. Sai Seydou Keita ya rama ɗaya. Frédéric Kanouté ya ƙara. Keita ya sake, Mustapha Yatabaré ya cika ta huɗu. Aka tashi 4 da 4. Amma Mali ba ta wuce rukuni ba, aka sallame shi.

Shekarar 2013

Cikin 2011 ƙwallon Najeriya ya faɗi ƙasa. Ba ta samu zuwa kofin Afirka na 2012 ba. Mutanen Nijar ba za su manta da wannan kofi ba, don shi ne na farko da Mena ta je, ƙarƙashin ɗan ƙasa Harouna Doula. Babbar maƙwabciya kuwa tana gida tana kallo. Cikin watan Nuwamba 2011 aka ba Keshi aikin.

Abin da ya fara yi ya ba mutane mamaki. Da, an saba a kira waɗanda ke Turai kurum, ko suna kan ganiya ko ba su kai. Shi sai ya tara yaran da ke bugawa cikin gida, ya zauna da su sansani mako da makonni, ya yi ta gwada su. Da lokacin tafiya Afirka ta Kudu ya yi, ya bar wasu manyan sunaye kamar Peter Odemwingie da Obafemi Martins. Ya tafi da mutum shida daga ƙungiyoyin gida. Cikinsu akwai Reuben Gabriel na Kano Pillars, da Sunday Mba, da Godfrey Oboabona. Jaridu suka yi masa ca.

Nan aka ga idon tsohon mai tsaron baya. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Joseph Yobo, shi ma mai tsaron baya ne, ya daɗe yana bugawa Ingila. Bayan wasan farko Keshi ya bar shi benci. Ya haɗa Oboabona da wani yaro ɗan shekara 19, Kenneth Omeruo, a tsakiyar baya. Vincent Enyeama na raga. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutum ya zaunar da kyaftin ɗinsa.

Da farko abin bai yi armashi ba. Suka yi 1 da 1 da Burkina Faso, 1 da 1 da Zambiya. Sai kusa da ƙarshen wasa na uku suka ci Habasha 2 da 0, da bugun fenariti biyu na Victor Moses. Mena ma tana wannan kofi, karo na biyu a jere. Ta samu makinta na farko da ta tashi 0 da 0 da Kongo ta Kinshasa.

Sai Najeriya ta faɗa hannun Kodebuwa, mai Didier Drogba da Yaya Touré. Kusan kowa ya ce tafiya ta ƙare. Emmanuel Emenike ya fara ci, Cheick Tioté ya rama. Saura minti kamar 12, Sunday Mba, yaron gida, ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya ya yi ta tafiya da ita har ya buga, ta taɓa wani ta shiga. Aka tashi 2 da 1. Bayan nan suka gamu da Mali, inda Keshi ya san ƴan wasan ɗaya bayan ɗaya. Aka ci Mali 4 da 1. Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, shi ya jefa ta huɗu.

Ranar 10 ga Fabrairu 2013 aka yi wasan ƙarshe a Johannesburg, da Burkina Faso. Minti na 40 ƙwallo ta faɗo gaban Sunday Mba. Ya ɗaga ta bisa kan mai tsaron baya, kafin ta taɓa ƙasa ya buga da hagu. Ita kaɗai aka ci. Masu tsaron baya suka riƙe ta har alƙali ya busa tashi.

Mutum biyu ne suka ci kofin Afirka suna ƴan wasa, suka sake ci suna masu horo. Na farko Mahmoud El-Gohary na Masar, 1959 da 1998. Na biyu Keshi, 1994 da 2013. Kuma kofuna biyu da Najeriya ta ci kafin nan, 1980 da 1994, baƙi ne suka horas da ita, ɗaya ɗan Barazil, ɗaya ɗan Holan. Keshi ne ɗan ƙasa na farko.

Kashegari sai aka ji ya ce ya ajiye aiki. Ya koka cewa ba a ba shi goyon baya da girman da ya kamata ba lokacin da abubuwa ke tangal-tangal. Manyan gwamnati suka sa baki, ya janye.

Maganar da ya daɗe yana yi

Keshi ba mai ɓoye abin da ke ransa ba ne. Tun kafin a fara kofin nan ya gaya wa ƴan jarida cewa wasu Turawa masu horo kuɗi ne ke kawo su Afirka, kuma ba abin da suke yi da ɗan Afirka ba zai iya ba. Ya ce ba ya ƙin Bature gwani wanda za a koya daga gare shi. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauko wanda bai fi na gida ba a ɗora shi bisa na gida. Ya ce Bature akan ba shi shekara ya san ƙasa, ɗan gida kuwa wasa biyu ko uku ne a kore shi.

Maganar na da hujja, don shi kansa ya ci kofi amma cikin wannan shekara ya yi wata da watanni ba a biya shi albashi ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, shi ma yana da nasa. Yana da taurin kai. In ya ɓata da ɗan wasa, da wuya ya sauko. Halin da ya sa ya zaunar da manya ya ci kofi, shi ne kuma ya riƙa haɗa shi faɗa da ƴan wasa da shugabannin hukuma.

Barazil, da abin da ya biyo baya

Cikin Nuwamba 2013 Najeriya ta fitar da Habasha, ta samu wuri a kofin duniya na 2014. Keshi ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai ƙasashen Afirka biyu wannan matsayi. A wannan karo na uku ba a karɓe masa ba, shi ya tafi da ƙungiyarsa.

A Barazil suka yi 0 da 0 da Iran. Suka ci Bosniya 1 da 0, kuma wanda ya jefa ƙwallon shi ne Odemwingie, wanda suka shirya da shi bayan rigima. Ajantina ta ci su 3 da 2, Lionel Messi ya ci biyu, Ahmed Musa ya ci biyu. Suka wuce zagaye na biyu, inda Faransa ta fitar da su 2 da 0. Kafin Keshi ba mai horo ɗan Afirka da ya taɓa fitar da ƙungiya daga rukuni a kofin duniya. Cikin 2022 Aliou Cissé na Sanagal ya yi haka, Walid Regragui kuma ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe.

Daga Barazil abubuwa suka dagule. Kongo ta ci Najeriya 3 da 2 har gida, Sudan ta ci ta 1 da 0 a Khartum. Cikin Oktoba 2014 aka sallame shi, bayan mako biyu aka maido shi. Duk da haka mai riƙe da kofi ba ta samu zuwa kare shi cikin 2015 ba. Aka sabunta masa yarjejeniya cikin Afrilu 2015, aka sake sallamarsa cikin Yuli, bayan an ga sunansa cikin masu neman aikin horas da Kodebuwa.

Cikin Disamba 2015 matarsa ta rasu bayan doguwar jinya. Wata shida bayan nan, daren 7 ga Yuni 2016, Keshi ya rasu a birnin Benin sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 54. Bayan kwana uku Shuaibu Amodu, wanda aka sallame su tare cikin 2002, shi ma ya rasu cikin wannan birni. An binne Keshi a Illah, garin iyayensa, kuma babban filin ƙwallo na Asaba yana ɗauke da sunansa. Cikin Agusta na wannan shekara Najeriya ta ba Gernot Rohr aikin horo, Bajamushen nan da ya kai Mena Afirka ta Kudu cikin 2013.